Gwaggo Leokadia da Burodin da Ya Tsage

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, 'yarki Danuta ta buga mini waya ta ce kin cika, Gwaggo Leokadia. Shekararki tamanin da shida. Ina tsaye a kicin labarin ya same ni, kuma har yau a kicin na fi jin rashinki.

Ke ƙanwar mahaifina ce, amma ƙauyukanmu na bakin kogin Bug da korowai suka san ki, burodin bikin aure. Shekara arba'in ba a ɗaura aure a cocinmu ba sai da naki a kan tebur. Ke kika koya mana dokokinsa: matar da ke zaman lafiya da mijinta ce kaɗai za ta kwaɓa, ba a shiga kicin da fushi, kuma idan ya tsage a tanderu, auren ba zai yi albarka ba. Da mijinki Baba Wincenty ya rasu, ba wanda ya ce ki daina, ke kika cire hannunki. Sai ki ja kujera bakin ƙofa kina ba mu umarni, muna ƙera kurciyoyin kwaɓin fulawa da ake yi wa burodin ado da su. "Bogumiła, wannan kurciya kika yi ko kwaɗo? Gyara mata baki!"

Ban manta shekarar da fulawa sai da katin rabon abinci da dogon layi ba. Wata marainiya za ta yi aure, kika bi gida-gida da kwano, kofi ɗaya a nan, ƙwai biyu a can, har aka toya mata wanda ya fi na 'yar mai gari tsayi. Haka mutanen wancan zamani suke. Yanzu waya ake bugawa otal, a kawo kek mai hawa huɗu wanda ba a san hannun da ya yi shi ba, ba a kuma yi masa addu'a ba.

Abin da ke damuna kin san shi. 'Yata Jagoda ta yi shekara biyu a Warsaw ɗaki ɗaya da saurayinta Ksawery ba aure. Yanzu za su ɗaura, ranar ashirin da bakwai ga wannan wata. Ta roƙe ni in toya mata korowai, in tarbe su da burodi da gishiri kamar yadda uwa take yi. Na ce wadda ta riga ta tare ba ta bukatar tarba. Ta kashe waya tana kuka. Ban ce na faɗi ƙarya ba. Tarbiyya na ba ta, ita ta ajiye.

Ranar Lahadin ƙarshe na zo duba ki, ina zaton za ki goya mini baya. Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "Ke dai tun kina yarinya bakinki ya fi hannunki sauri. Shekararki nawa da mijinki Tadeusz?"

Na ce talatin da ɗaya.

"To burodin aurenki ya tsage. Tun daga sama har ƙasa, yatsana yana shiga. Na kori kowa daga kicin, na liƙe wurin da kurciyoyi uku. Uwarki har yaba adon take yi."

Na ce, "Gwaggo, ƙarya kika yi mana ke nan?"

Kika ce, "Rufewa na yi. Aikin manya ke nan. Je ki sayi fulawa."

Na fita ina jin haushinki, ban ko yi miki sallamar kirki ba. Bayan kwana biyu kika tafi. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Shekara talatin da ɗaya hoton burodin nan yana rataye a falona, ina nuna wa yara shi a matsayin shaidar auren da aka yi bisa ƙa'ida. Jiya na sauke shi na duba. Kurciyoyin suna nan, su uku, a jere a gefe guda.

Na sayi fulawar, Gwaggo. Ban kira Jagoda ba tukuna, domin ke kika ce ba a kwaɓi da fushi, ni kuwa nawa bai gama sauka ba. Saura kwana goma sha biyu. Babu kowa a kujerar bakin ƙofa da zai gaya mini ko kurciya na yi ko kwaɗo. Amma zan yi guda uku in ajiye a gefe.

Ubangiji ya ba ki hutu na har abada, haskensa ya haskaka ki, ya rufe naki kamar yadda kika rufe namu. 'Ya'yanki Danuta da Ryszard, da jikoki duka, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ni kuma ku sa ni a addu'a kafin ranar bikin.