Layar da Babu Rubutu

Shekarar da aka kawo injin radiyo likitar Filinge, wato asibitin garin, ina da cikin fari. Ba radiyo mai magana ba, wanda ke ɗaukar hoton ƙirji don a gano tarin fuka. Maigidana anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, gidan da gwamnati ta ba mu kuwa ɗaki ne da rumfa, manne da likita. Bango guda ya raba gadona da injin. Ranar kasuwa, in mutanen Sanam da Tondikandiya suka yi layi, har a haƙorana nake jin ƙuginsa.

Maigida ya gaya mini wani haske ke fita daga injin, ido ba ya ganinsa, yana ratsa nama, kuma ba a son shi ga mai ciki. An dai lulluɓe injin da dalma don ta tare shi. Na tambaya ko dalmar ba ta yoyo. Ya kawar da kai, ya kama wata magana.

Na ce mu tashi. Ya ce zuwa ina? Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce dole anfirme ya kwana jikin likita. Na ce to in tafi goyon ciki gidanmu. Inna, uwar mijina, wadda muke zaune tare, ta ce ba a zuwa sai wata na bakwai, ni kuwa ina cikin na uku. Gaba damisa, baya siyaki.

Ana nan sai wani Bature ya zo daga Yamai duba injin. Ya kawo ƙananan ƙunshi na baƙar takarda, kowanne da fim ɗin hoto a ciki, ya bi bangaye yana mannawa. In hasken na yoyo, fim ɗin zai yi baƙi idan an wanke shi. Guda kawai ya rage don ɓangarenmu, ya manna shi saman gadona, ya ce ta bakin maigida kada kowa ya taɓa sai ya dawo bayan mako. Na so ƙunshin nan, wallahi. Shi kaɗai zai iya ba ni amsa.

Ran da aka yi bayanin, Inna ta tafi ta'aziyya ƙauye, da ta dawo kuma kowa ya ɗauka wani ya gaya mata. Wata hantsi na dawo daga rijiya na tarar da ita tsakar gida, ta warware takardar, ta ɗaga fim ɗin ga rana tana ƙyafta ido.

"Inna, mi kinka yi?"

"Ɗiyata, ba a rataya ma mai ciki laya ba a san abin da ac ciki ba," in ji ta. "Na diba, ko bisimilla babu. Anasara dai rowa gare su, har ga rubutu."

Ta naɗe shi tsaf, ta tofa addu'a, ta mayar da shi bango. Na aje tulu na zauna. Haushi ya cika ni, amma wa zan yi wa faɗa? Don ni ta yi.

Da Baturen ya ji, ya dafe kai. Ya ce rana ma baƙanta fim take yi, yanzu ba mai iya raba aikinta da na injin. Wani ƙunshin kuma sai bayan damina, in hanya ta bushe. Hanya ta bushe, muka ji an mayar da Baturen ƙasarsu.

Na jawo gado zuwa bakin ƙofa, amma ɗakin bai da nisan da za a gudu. Haka na zauna, hannu a kan ciki duk ranar kasuwa, har watan tafiya gida ya kama.

Mace na haifa, ungozoma ta ce lafiya lau. Ta girma, ta yi aure, yau har jikoki gare ta. Amma ko ciwon kai ta yi sai gabana ya faɗi. Takan yi dariya ta ce, "Inna, ke dai kin cika tsoro." Ban taɓa gaya mata dalili ba, don kada ita ma ta shiga jira tare da ni.