Muryar Inna Mai Kukan Rago

Ɗinkin takalmi nake yi a bakin kasuwar Jimeta. Ban yi boko ba. Daga Borno muka zo, rabi a ƙafa rabi a bayan motar itace, shekarar da aka ƙone garinmu. Baba bai fito ba. Mu uku muka iso: ni, Inna, da ƙanena.

Ƙanena ƙwallo ya sani. Takalminsa na farko na gwanjo ne, sau huɗu ina ɗinke shi. A wani fili a Sangere aka gan shi, aka kai shi Legas, daga can sai wata ƙasa mai ƙanƙara da har yau bakina bai iya sunanta ba. Gwajin wata uku suka ba shi. Wasan Asabar ta ƙarshe ne zai nuna ko su riƙe shi ko su dawo da shi.

Ba ya shiga fili sai ya ji muryar Inna. Duk ranar wasa in danna mata waya, ta yi magana, in tura. Ba ta taɓa kallon ƙwallo ba. Abin da take cewa dai, "Allah ya tsare ƙafa. Kada ka ture ɗan kowa."

Ranar Talata ta makon wasan ƙarshen ta rasu, bayan azahar. Kafin magariba mun rufe ta.

Dattawan unguwarmu, Alkalawa, suka ce a yi yadda aka saba, na nesa ba a jefa masa mutuwa ta waya. A ce masa jikin Inna ya yi nauyi, ya taho. Na ce in ya taho aikin ya tafi. Liman ya ce to a yi shiru zuwa Asabar. Na ja kunnen samarin unguwa kada wanda ya yaɗa.

Zaman makoki ya gagare ni. In zauna a tabarma, in miƙe. Na taka har gadar kogi na dawo, ba abin da na je yi. Na je rumfa na ɗauki basilla na ajiye. Ƙanena ya kira sau shida, ban ɗaga ba.

Asabar da safe saƙon muryarsa ya shigo. Hamma yake ce min, wato yaya.

"Hamma, ina tsohuwata? Ko ta samu wani ɗan ne ta manta da ni?"

Na shiga tsofaffin saƙonninta. Ba na karatu, ban san wanne ne na yaushe ba. Na zaɓi wanda ya fi tsawo na tura.

Nan take ya kira. Wannan karon na ɗaga.

"Hamma, ragon da ke kuka a bayan Inna, ba shi kuka yi layya da shi ba? Kai ka turo min hoton naman."

Na zauna a ƙasa, wayar a kunne.

"Yaushe ta rasu?" in ji shi.

"Talata."

"Wa ya sa ta a kabari?"

"Ni."

Ya kashe.

Gidajen kallonmu ba sa nuna wasan ƙasar. Na yini ina zagaya kasuwa da waya a hannu, ban san ko yana fili ko yana hanyar jirgi ba. Sai washegari wani abokinsa ya gaya min ya buga, kuma sun riƙe shi.

Wata biyu bai neme ni ba. Ban ga laifinsa ba, ban kuma nemi gafara ba. Sannan wata Asabar saƙo ya zo, gajere.

"Hamma, turo min mai ragon."

Na tura. Har yau duk ranar wasa shi nake turawa. Gilashin wayar ya tsage, ba ta riƙe caji. Na ƙi canja ta.