Reza Goma a Akwatin Marka

Katangar da ta raba gidan su Hambali da na Inna Marka ta laka ce, damina biyu kuma sun zaftare mata kai, don haka ko tari aka yi can, nan ana ji. Ranar, bayan la'asar, Hambali yana zaune kan tabarma yana cire takalmin aiki, sai ya ji muryar Alasan tela a tsakar gidan tsohuwar.

"Inna, ni ban zo faɗa ba. Akwatin nan nika so ki buɗe in gani da idona."

"Na gwamnati ne, Alasan. Ba a buɗe shi sai mai duba ya zo."

"Matata Karimatu ta ce da rezar da ke ƙulle bakin zanenki kinka yanke ma yaron cibi. Ƙarya ta yi?"

Awaki suka motsa, Alasan ya ci gaba.

"Ragon suna na nan ɗaure ƙofar gidana. Ki gaya mini mi za ni yi da shi. In ba ki gaya mini ba, gobe jandarma su tambaye ki."

Hambali ya bar takalmi ɗaya a ƙafa. Shi ne ma'aikacin jinya na gidan likitan Malanbil, kuma hannunsa aka kawo wa jaririn jiya da safe, ɗan kwana shida, ya ƙi nono, haɓa ta ƙage, baya ya sandare kamar itace. Kallo ɗaya ya san ta cibiya cutar ta shiga. Kafin azahar yaron ya koma. Mai duban da tsohuwar take faɗi kuwa, shi ne.

Marka 'yar Madekali ce. Tana da shekara goma sha biyu kakarta ta fara jan ta ɗakin haihuwa, ta dafa ruwa, ta riƙe kafaɗa, ta koyi rufe baki kan abin da ta gani. Aure ya kawo ta Malanbil, wurin wani mai jirgin ruwa da ke ƙetarar da albasa zuwa Gaya tun ba a gina gada ba. Ya rasu ya bar ta da awaki da wannan sana'a. Mace in tana kan gwiwa, Marka takan yi mata faɗa da harshen uwarta, Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa, har ta manta da tsoro ta kama fushi, fushin ya turo ɗa. Rabin unguwa a tafinta suka faɗo, har da Hambali. Ko da ya dawo daga karatu a Kandi da farar riga, in ta gan shi a kasuwa sai ta ce da mutane, "Wanga da ƙafa ya zo duniya, shi ya sa bai zama wuri ɗaya."

Da soja suka karɓi mulki kowa ya zama kamarad, wato ɗan'uwa a juyin juya hali, sai doka ta zo cewa ba macen da za ta ƙara karɓar haihuwa ba tare da kati ba. Aka tara ungozomomi a Kandi mako biyu, aka koya musu wanke hannu da tafasa almakashi. Aka ba kowacce kati mai hoto, hoton farko a rayuwar Marka, da farin akwati na ƙarfe: almakashi, zare, sabulu, auduga, kwalbar maganin shuɗi, da sabuwar reza goma cikin takardarsu. Hambali kuma aka ba shi takardar dubawa ta kowane wata uku. A gaban kowane kaya akwai gida biyu, akwai ko babu. An ce abin da ya ƙare za a aiko daga Paraku, babban birnin lardi. Ba a taɓa aikowa ba.

A zagayen farko wani babba ya zo daga Paraku da mota, aka jera akwatuna a inuwar gidan likita. Na Hannatu ta Gene aka fara buɗewa. Sabulu ya zama ɓawo, reza saura ɗaya, shuɗi ya ƙare. Babban ya ce sayar da kayan juyin juya hali ta yi. Hannatu ta rantse haihuwa ce ta cinye su, ba wanda ya saurare ta. Hambali ne ya miƙa hannu ya karɓi katinta a gaban mutane. Marka kuwa makon nan ta tashi daga jinya, ba ta taɓa nata ba tukuna. Babban ya ɗaga shi sama, ya ce ga kamarad mai amana, aka tafa mata. Ta dubi Hannatu da ke naɗe tabarmarta, ta koma gida ta sa akwatin bisa jeren kwanoni, ta lulluɓe shi da kallabi.

Shekara uku ke nan. Duk wata uku Hambali yakan zaga ya shiga, ta ba shi fura, ta sauko da akwatin, ya cika gidajen akwai daga sama har ƙasa. Yanzu da yake zaune da takalmi ɗaya, abin da ya fi cin sa shi ne ba zai iya cewa bai sani ba. Ya ga takardar rezar tana yin ja don tsufa. Ya ga sabulun ya tsage bai taɓa jiƙa ba. Kuma ta wannan katangar yake jin ana sallama ana cewa Inna ta zo, wance ta fara. Bai tambaya ba, don takardar ba ta tambaya ba, kuma don takardunsa ne suka fi na kowa tsabta a lardin, har an sa sunansa cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu Kutanu bayan damina.

Washegari da safe Alasan ya kai ƙara, shugaban gidan likita ya ce Hambali ya rubuta abin da ya faru. Ya zauna da alƙalami har shayinsa ya huce. Ya fara da ranar Hannatu, ya rubuta layi huɗu, ya ga sunansa na shirin shigowa cikin na biyar. Ya yage takardar, ya cusa ta aljihu don kada mai shara ya tsinta. A sabuwa ya rubuta cewa ungozoma Marka tana da cikakkun kaya, kamar yadda dubawa goma sha biyu suka nuna, amma ta ƙi aiki da su. Kowace kalma gaskiya ce. Shugaban ya buga hatimi, ya ce a karɓo katin da akwatin, jandarma sun yarda magana ta tsaya nan.

Bai bi ta kasuwa ba, ya zaga ta bayan masallaci. Ya yi sallama daga waje, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan. Ta fito da kanta, katin na hannunta naɗe cikin tsumma. Kwana biyu sun ƙara mata shekaru.

"Shigo mana, ɗan ƙafa. Ko yau kamarad ne ya zo?"

"Inna, aiko ni anka yi."

"Na sani. Katangar ai ba gefe guda taka ji ba. Na ji juyinka jiya."

Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, idonsa kan yatsun ƙafarta. Ya so ya ce mata ya ga rezar tana tsufa, ya so ta zage shi ko da Dandanci ne, amma bakinsa ya ce, "Sun ce har akwatin."

Ta waiga ɗaki, inda kallabin ke lulluɓe da shi, sannan ta dafa ƙyauren.

"Yaron Karimatu ni da Allah ne, ba ni da abin cewa. Amma akwatin ka bar mini, ka rubuta ya ɓace. Matar Sumaila ta nan unguwa watanta ya kama, kuma kati ko ba kati ni za su kira. Tunda yanzu ba mai zuwa duba shi, sai in buɗe."