Daminar da Kurkunu Ya Ajiye Ni a Gindin Kanya

A daminar da na shiga shekara tara, cikin shekarun 1950, wata safiyar Talata Yaya Sale ya sauke ni daga kan jaki a gindin wata tsohuwar kanya, bakin kurmin da ke bayan gonarmu a Indabo. Kurkunu ya fito mini a idon sawu, ƙafar ta kumbura ba ta takuwa, gida kuma ba kowa, duk an fita noma. Ya shimfiɗa mini buzu, ya ajiye goran ruwa, ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Nan na ƙare daminar. Ina jiyo sa'o'ina suna langa a yashin rafi, ni kuwa iyakata inda hannuna ya kai. Abin kallona kawai tsiron kanya ne, birjik, daga ƙwallayen da suka zubo bara. Na ga fara ta cinye ganyen wasu, gara ta yanke wasu ta ƙasa, waɗanda suka cunkushe kuma da ruwa ya yi kwanaki sai wuyansu ya yi baƙi suka kwanta. Ragowar kuwa, tumakin Fulani suka share su. Guda ɗaya na kewaye da ƙayar da Yaya ya saro mini, ina raba ruwan gorana da shi, amma kullum sai ƙara sirancewa yake, ganyensa na koɗewa.

Da azahar Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, takan zo ta naɗe kurkunun a tsinke kaɗan-kaɗan, don in ya katse ƙafar na iya sandarewa. Ran nan ina kuka na nuna mata tsirona. "Haƙuri za ka yi, ɗan nan," ta ce. "Ba ya ganin rana a nan. Wanda biri ya yar da ƙwallonsa inda wata bishiya ta faɗi, shi ke yi." Na roƙa a kai ni in gani, ta ce ko motsi kada in yi.

Tsiron ya mutu kafin gero ya fid da kai. Sai bayan girbi na iya ɗingisawa cikin kurmin, kuma a inda iska ta taɓa kada wata ɗorawa na tarar da 'yan kanya sun kai mini kafaɗa, rana na zuba a kansu. Na daɗe tsaye a wurin.

Yanzu wurin duk gonaki ne, ba biri, garma na bi har gindin tsohuwar kanyar. Jikokina ruwan famfo suke sha, ba su san ciwon ba ko da suna. Kurkunu ya ƙare, alhamdu lillahi. Kurmin ma haka.