Ranar da Burodi Ya Ƙone

Da safen nan burodi ya ƙone mana, ƙaurinsa ya tuna mini da Kawu, wanda ya rasu ya bar mini riƙon gidan burodinsa a Dutsin-Ma.

Shi in burodi ya ƙone, fuskokin ma'aikata yake fara dubawa kafin tanda. Wata rana muna shirin kai kaya kasuwar Kurfi haka ta faru. Na buɗe baki zan yi wa mai gashi faɗa, Kawu ya riƙe ni da hannunsa duk fulawa.

Ya ce, "Bari tukuna. Ka lura yau bai gaisa da mai kwaɓi ba?"

Ya sa aka kawo shayi, ya zaunar da su benci ɗaya, bai tashi ba sai da kowa ya amayar da abin da ke ransa.

Yanzu ma biyu daga cikin ma'aikatana ba sa ga-maciji, kowanne yana cewa zai bar aikin. Na ce su same ni bayan la'asar, sai dai ni ban gaji haƙurin Kawu ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya sa mini a baki maganar da ba za ta raba su ba.