Yashin Mararraba

A Kimba na tashi, a gidan da albasa ce abincinmu da suturarmu. Idan aka idar da sallar isha, kakarmu Inna Tumba kan ja mu bakin murhu, ni Umaru da wana Bello. Ba ta iya tatsuniyar dariya ba. Tata sai ta hana ka barci, ita ko a jikinta.

"Ga ta nan, ku matso, miyagun mazana," in ji ta. "Wani yab bar ma ɗiya nai biyu lambu da hanyar ruwa guda. Wurin da hanyar tar rabu, babba yad ɗauki miƙaƙƙiya, ƙarami yad ɗauki wadda tak karkata."

Kullum ƙaramin sai ya tarar da yashi ya toshe bakin hanyarsa, ta wansa kuwa fes. Ya kwashe, yashin ya dawo. Albasarsa ta fara yaushi. Ya ce wansa ke zuba masa, wan ya rantse, bai yarda ba. Ran nan ya ɗaga fartanya, sau ɗaya, wan bai ƙara tashi ba. Bayan kwana uku ya koma lambu, ya tarar da yashi a bakin hanyarsa.

Na tambaye ta, "Inna, to wa ke zubawa?"

"Ruwan da kansu. Na bisa su wuce miƙe, na ƙasa da ad ɗauke da yashi su karkata. Hakanan Allah yay yi su."

Nan ta tsaya, ko ƙurunƙus ba ta ce ba.

Da mahaifinmu ya rasu muka raba lambunsa, shi ma hanyar ruwansa ta rabu biyu, karkatacciyar ta faɗo a kaina. Na san tatsuniyar nan kamar sunana. Amma shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ina kallon albasata tana mutuwa ta Bello tana sheƙi, ilimina bai hana ni komai ba. Ban ɗaga fartanya ba, baki na ɗaga. A gaban jama'a, ranar kasuwar Jega, na kira shi ɓarawon ruwa.

Ya dube ni ya ce, "Ni, Umaru?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin damina ya sayar da rabonsa ya koma Maiyama da iyalinsa.

Kunya ta hana ni binsa. Kullum sai in ce sai an cire albasa. Bara, ina tsaye cikin ruwa da shebur a hannu, aka zo aka ce mini an yi jana'izarsa tun da hantsi. 'Ya'yansa ba su ga dalilin da zai sa a jira ni ba.