Motar Bature Mai Ɗaki a Baya

A shekarun da gyaɗa ta fara daraja, ni da yayana sana'armu ke nan: mu sayi gyaɗa a Kibiya da Fammar, mu ɗora wa jakuna, mu kai birni. Lokacin na riga na yi aure har da 'ya'ya, amma ban taɓa shiga mota ba. Ganinta kawai nake yi idan Turawa sun wuce, in ja jakunana gefen hanya in riƙe su da kyau.

Yaya shi ne mai son sabon abu. Wata ranar kasuwa ya dawo da labarin wai akwai mota ta sayarwa a Rano. Ta wani Bature ce mai sayen fatu, wanda ya fi son farauta a kan cinikin. Ya sa kafinta ya gina masa ɗakin katako a bayanta, yana shiga daji da ita ya kwana a ciki. Da ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar wa kukunsa ita, ya ce ya sayar. Yaya ya ce mu je mu gani, in ta yi mu rage jakuna.

Mun same ta a gindin wata tsamiya a bayan gari, ciyawa ta fito ta bushe a kewaye da tayoyinta. Kukun, wani dattijo mai fara'a, ya zo da direban da ya saba tuƙa Baturen. Yaya bai san komai game da inji ba, amma ya zagaya ta yana dukan tayoyi da ƙafa, yana leƙa ƙarƙashi, yana tambayar ruwa nawa take sha, kamar mai sayen doki. Direba ya buɗe gaba yana nuna masa. Sai Yaya ya waiwayo ya ce mini, "Kai kuma je ka duba ɗakin. Ka taɓa katakon da hannunka, kar ka tsaya kallo."

Ƙofar tana can baya, da ɗan tsani na ƙarfe. Na hau na shiga. Ciki akwai gado siriri manne da bango, da akwatuna a ƙarƙashinsa, da daro na wanke fuska, da ƙahon gwanki rataye a sama. Taga ɗaya ce, ƙarama, an rufe ta da raga, ƙura da yanar gizo sun toshe ta. Wurin yana warin kananzir da tsohuwar fata. Na durƙusa ina ƙwanƙwasa daɓen katakon, sai iska ta turo ƙofar, ta rufe da wata 'yar ƙara.

Ban damu ba da farko. Na laluba inda mariƙi ya kamata ya kasance, sai na ji rami kawai, an cire shi. Na tura da kafaɗa, ba ta motsa ba. Na buɗe baki zan kira Yaya ke nan, sai ɗakin gaba ɗaya ya girgiza, wani ruri ya tashi daga ƙarƙashin ƙafafuna. Direba ne ya murɗa ƙarfen gaba, inji ya kama. Na yi kira, ni kaina ban ji muryata ba. Sai na ji ƙasa ta ja baya, na faɗi a kan gadon.

Abin da ya fara zuwar mini shi ne motar ta ƙwace da kanta, ba kowa a cikinta sai ni. Na tuna duwatsun da ke kewaye da Rano, na ce yanzu za ta kai wa ɗaya karo. Na miƙe ina dafa bango, sai na ga mutum tsaye a gabana cikin duhu, idanunsa a waje, bakinsa a buɗe. Na ɗaga hannu in kare fuskata, shi ma ya ɗaga. Madubi ne dogo a jikin bango, irin wanda ban taɓa gani ba. Ko da na gane haka, ban ƙara yarda na kalli wajen ba.

Motar ta ƙara gudu. Daro ya faɗo yana birgima, akwatunan suka fito daga ƙarƙashin gado suna dukan ƙwaurina, ƙahon ya tsinko ya wuce ta gefen kunnena. Na taka zuwa gaba don in daki bangon da ke bayan direba. A taku na biyu daɓen ya burma. Gara ta cinye katakon daga ciki, ta bar fatar sama kawai. Ƙafata ta dama ta zurma har cinya.

Ta ramin na ga ƙasa tana gudu, tsakuwa tana tsalle tana dukan tafin ƙafata. Kusa da idon sawuna akwai wani dogon ƙarfe yana juyawa da saurin da ido ba ya iya bi. Na ji iskarsa a fatata. Bakin wandona yana kaɗawa yana taɓa shi. Na san in ya kama wandon, da ƙafar zai tafi. Na yi ƙoƙarin jawo ta, tsagin katako ya shige mini cinya, kuma duk inda na dafa sai ya ƙara rugujewa. Hayaƙi mai ɗaci yana shigowa ta ramin. Na kama ƙafar gadon da hannu biyu, na lanƙwashe gwiwata iya iyawata, na yi ta kalmar shahada. Ban roƙi komai ba, ita kawai nake maimaitawa. Na tuna ƙaramar 'yata da na baro tana zazzaɓi, ban ko tsaya na dube ta ba da safe.

Ban san tsawon tafiyar ba. Daga baya aka ce ba mu yi nisa ba, mun ɗan kama hanyar Kibiya ne. Wasu matan Fulani masu tallar nono suka ga ƙafar mutum tana lilo a ƙarƙashin mota, suka ajiye ƙore suka bi mu da gudu suna ɗaga hannu. Direba ya taka birki, motar ta daɗe tana ja kafin ta tsaya.

Da ƙofar ta buɗe, Yaya ne a tsaye; ashe shi da kukun suna gaba tare da direba, suna gwada motar. Ya dube ni, ya dubi ramin. Shi da direba suka karya katakon da hannu suka zaro ni. Na zauna a bakin hanya. Ɗaya daga cikin matan ta ba ni ruwa a ludayi, na sha.

"Na ɗauka ka sauka ka zagaya bayan tsamiya," in ji Yaya.

"Ai kai ka ce in taɓa katakon," na ce. "Na taɓa."

Kukun ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce shi bai shiga ɗakin ba tun tafiyar maigidansa, kuma na yarda da shi, don fuskarsa ta fi tawa firgita. Ya ce injin lafiya lau yake, ɗakin kawai za a sauke. Direba ya ce mu hau ya mayar da mu. Na ce a'a. Yaya ya yaga gefen rawaninsa ya ɗaure mini cinya, muka tako da ƙafa zuwa inda muka ɗaure jakuna, ina dafa kafaɗarsa.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka hango rumbunan Kibiya Yaya ya ce, "Injin dai yana da ƙarfi." Na ce masa in ya saya, ya nemi wani abokin tafiya. Bai saya ba a shekarar. Wani ɗan kasuwa daga Tarai ne ya ɗauke ta, ya sauke ɗakin ya ajiye a ƙofar gidansa yana zuba dusa a ciki. Wanzami ya ciro mini tsagin katako daga cinya, wurin ya yi ruwa, na yi kusan dukan kakar nan a kwance a zaure. Yaya shi kaɗai ya yi ta kai gyaɗa birni, yana dawowa ya zauna kusa da tabarmata ya ba ni labarin hanya.